Baƙar Ɗamara: Sai An Gwabza Ake Ɗaurawa?

Yau tarihi zai kai mu Japan, a kan wata tambaya da ta shafi duk matashin da ke koyon kareti ko judo ko takwando, da iyayen da ke biya masa kuɗi. Shin ya dace a ɗaura wa mutum baƙar ɗamara, wato baƙin bel ɗin nan da muke gani a finafinai, alhali bai taɓa tsayawa gaban abokin karawa an gwabza ba? Gardamar nan ta kusa shekara 100 ana yin ta.

Mu fara daga tushe. Wanda ya kawo tsarin sunansa Jigoro Kano. E, Kano, amma ba Kanon Dabo ba, wani malamin makaranta ne ɗan Japan. A 1882 ya buɗe makarantar judo mai suna Kodokan a birnin Tokyo. A 1883 ya ba ɗalibansa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin da ake kira shodan. Shi kansa tsarin matakan aro shi ya yi daga go, wani wasan allo mai kama da dara. Bayan 'yan shekaru aka fara ɗaura baƙar ɗamara don a bambance masu mataki da sababbin shiga. Ku riƙe wannan: ma'anar shodan "matakin farko". Ba a ce gwani ba, an ce ɗalibin da ya iya tushe.

A wurin Kano ƙafa biyu koyo ke da ita. Akwai kata, tsararrun motsi da ake haddacewa. Akwai randori, kokawa ta sake, kowa na neman kayar da ɗan'uwansa. Dabararsa ita ce, ya kwashe abubuwa masu haɗari, irin su naushi da tsokane ido, ya bar su a cikin kata kawai. Da haka ɗalibai suka samu damar karawa da dukkan ƙarfinsu kullum ba tare da an nakasa kowa ba. Kodokan kuma ta riƙa shirya gasar ja da fari, inda wanda ya yi kaye yake ci gaba da tsayawa a fili, na gaba ya shigo. Wanda ya jera kaye da yawa, a ranar ma ana iya ƙara masa mataki. To a judo, tun farko karawa da ɗamara tare suke tafiya.

Kareti kuwa labarinsa daban. Gichin Funakoshi ya zo Tokyo daga tsibirin Okinawa a 1922, ya ari riga da ɗamara da matakan Kano, a 1924 ya ba ɗalibansa bakwai shodan. Amma bai yarda da karawa ta sake ba. Ganinsa, naushin kareti ba abin wasa ba ne, kuma gasa tana ɓata tarbiyya. A ƙarshen shekarun 1920 wasu ɗaliban Jami'ar Tokyo suka fara sa sulke suna gwabzawa, shi kuwa ya daina koyar da su. Sai dai matasa ba su haƙura ba. Ɗansa Gigo da manyan ɗalibai suka tsara karawa hawa-hawa, daga wadda an san harin da zai zo, zuwa wadda ba a sani ba. Funakoshi ya rasu a Afrilun 1957, a Oktoban shekarar ƙungiyar JKA ta yi gasarta ta farko ta ƙasa. Wasu almajiransa, irin su Shigeru Egami na Shotokai, suka ce su kam ba gasa. Kun ga, malami ɗaya, gida ya rabu biyu.

Sai Mas Oyama, haifaffen Koriya, wanda ya kafa Kyokushin a hukumance a 1964. Shi ya ja igiyar zuwa ɗaya ƙarshen. Duka na gaske ake yi, an hana naushin fuska amma an yarda da hauri a ka. A makarantun Kyokushin da yawa, mai neman baƙar ɗamara sai ya kara da mutum 10 ko fiye a jere, bayan ya riga ya jigata da sauran gwaji. Akwai ma karawa da mutum 100 a rana ɗaya, wadda Steve Arneil ya kammala a 1965. Abin da ake aunawa a nan juriya ce: in numfashi ya ƙare, ƙafa na rawa, za ka miƙe ko kuwa?

Wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne na mata. Shekaru da dama Kodokan tana koyar da mata amma ba ta barin su shiga gasa, ɗamararsu ma da farin layi a tsakiya. Keiko Fukuda, ɗalibar Kano, ta samu mataki na 5 a 1953, aka bar ta a nan har 1972 kafin a ba ta na 6. Gasar duniya ta judon mata sai 1980 aka fara ta a New York. Darasin a bayyane yake: wanda aka rufe wa ƙofar gwaji, an rufe masa ƙofar girma.

To ni ina na tsaya? Ina tare da Kano. Baƙar ɗamara alkawari ce, cewa mai ita zai iya kare kansa in wani ya tunkaro shi da gaske. Ba a sanin haka sai an kara da wanda ba ya ba ka haɗin kai. Ko a takwando, gwajin Kukkiwon da ke birnin Seoul ya haɗa da karawa, kuma wannan hanyar ce ta kai Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar ga lambar azurfa a Rio a 2016. Mu da muka san dambe ba sai an faɗa mana ba, ɗan dambe a fage yake yin suna. Makarantar da ke raba ɗamara don an biya kuɗin gwaji tana cutar yaro, domin zai fita da ƙarfin gwiwar da ba shi da madogara.

Amma tsoron Funakoshi ma ba na banza ba ne. Gwaji daban, jibga daban. Tara manya su lallasa yaro da sunan jarrabawa zalunci ne, kuma bugu a ka yana iya barin illa a ƙwaƙwalwa har tsufa.

Don haka kafin ka sa ɗanka ko ƙanwarka a wata makaranta, yi tambaya huɗu. Ana karawa a gwajin? Da wa, sa'o'insa a shekaru da nauyi? Akwai kayan kariya da alƙalin da zai tsayar in abu ya yi yawa? Wace ƙungiya ce ta san da takardar? Malamin kirki ba zai ji haushi ba.