Burkutu

Burkutu giya ce ta gargajiya da ake yi da tsiron dawa a arewaci da tsakiyar Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Tana da kauri da tsami, launinta ja-ja ne. Galibi mata ne ke dafa ta.

Yadda ake yin ta

Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. Sai a dama garin a dafa, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa, a zuba ragowar tsohuwar burkutu domin ta tashi. Wiskin Sikotland ma da tsiron sha'ir ake fara shi, amma shi turara shi ake yi a tatsi ruwan. Burkutu ba a turara ta, don haka takan lalace cikin 'yan kwanaki.

Ire-ire

Suna da ɗanɗano suna bambanta daga yanki zuwa yanki. Pito na arewacin Ghana tatacce ne, bai kai burkutu kauri ba. A Burkina Faso da Mali ana kiran irin wannan giya dolo, a arewacin Kamaru da Chadi kuma bili-bili.

A ƙasar Hausa

Maguzawan ƙasashen Kano, Katsina da Zazzau sun saba shan ta a lokacin biki da gayya. Musulunci ya haramta ta, kuma tun shekarar 2000 jihohi irin su Zamfara da Kano suka hana sayar da giya ƙarƙashin dokar Shari'a.