Tarihin Taba: Daga Fatawar Malamai Zuwa Shaidar Likitoci

 

Taba tsiro ne na nahiyar Amurka, wanda jiragen Turawa suka yaɗa a duniya. Kafin ƙarni na 16 ya ƙare ta riga ta shiga Tumbutu da Maroko. Da yake magabata ba su san ta ba, balle su yi magana a kanta, sai malaman zamanin suka koma ga ƙiyasi, saɓani kuwa ya taso.

Cikin waɗanda suka fara ba da fatawa akwai Shehu Ahmad Baba na Tumbutu. A shekarar 1607, yana kan hanyar komawa gida bayan tsarewar da aka yi masa a Marrakesh, ya rubuta cewa taba halal ce, tunda ba ta gusar da hankali kamar giya. A Masar kuwa, Malikawa biyu na Azhar suka rabu: Shehu Ibrahim al-Laƙƙani ya hana, Shehu Ali al-Ujhuri ya halatta. A 1633 Sarkin Daular Usmaniyya, Murad na Huɗu, ya haramta shan ta har da hukuncin kisa, amma takobi bai raba mutane da lofe ba. Daga baya Shehu Abdulgani an-Nabulusi na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1731, ya wallafa littafi yana kare halaccinta.

Saɓanin ya shiga zawiyoyi ma. Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tsananta wa almajiransa hani a kanta. Shehu Ahmadu Lobbo na Masina ya hana ta a daularsa, alhali shehunan Kunta, waɗanda Ƙadirawa ne kamarsa, ba su ga dalilin hanin ba. Dukkansu malamai ne masu tsoron Allah, kuma kowa ya yi hukunci da iyakar abin da ya bayyana gare shi. Abin lura shi ne, masu halattawar sun jingina fatawarsu ga sharaɗi: muddin ba ta bugarwa, ba ta kuma cutar da jiki. A wancan zamani babu mai hanyar auna wannan cutarwa.

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin taba gari da ake haɗawa da kanwa, da furen taba da mata ke rina haƙora da shi. Sigari kuwa baƙon zamanin Turawa ne. An buɗe masana'antarsa a Ibadan a 1937, sannan a Zariya a 1959. Daga nan kwalin sigari ya zama alamar wayewa a aljihun akawu da malamin makaranta da ma'aikacin jirgin ƙasa.

Amsar tambayar da malamai suka bari ta fito ne daga wasu ma'aikata, wato likitocin Ingila. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙar sigari da sankarar huhu. Shi kansa Doll mashayi ne, kuma tun yana cikin binciken ya yar da ita. A 1951 suka aika wa likitocin ƙasar takardar tambaya, aka ci gaba da bin rayuwar maza 34,439 daga cikinsu har shekara 50. A lokacin da aka fara, mafi yawansu suna sha. Da suka ga sunayen abokan aikinsu suna taruwa a jerin mamata, da yawa suka daina.

Sakamakon ƙarshe ya fito a 2004. Kimanin rabin waɗanda suka dawwama a kan sigari, shi ne ya zama sanadin ajalinsu, kuma a matsakaicin lissafi sun riga marasa sha mutuwa da wajen shekara 10. Amma akwai bushara a ciki. Wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya tsira daga kusan dukkan wannan asara. Mai 40 ya tsirar da wajen shekara 9, mai 50 wajen 6, mai 60 wajen 3. Ajali na hannun Allah, amma an umarci bawa da riƙo da sababi.

Binciken likitoci ya kuma bayyana dalilin wuyar rabuwa da ita. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu, har jiki ya saba da neman sa. Shi ya sa mai dainawa ke fama da ƙunci da saurin fushi da rashin barci. Wannan ya fi tsanani a makon farko, sannan ya yi ta raguwa cikin makonni kaɗan. Akwai magungunan da likita ke bayarwa don sauƙaƙa shi, kuma da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su dace.

Hukumomi sun biyo baya. Najeriya ta kafa dokar hana shan taba a wasu wuraren jama'a a 1990, ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta kuma yi sabuwar doka a 2015.

Ke nan sharaɗin da masu halattawa suka gindaya ya faɗi, domin cutarwa ta tabbata. Saura aiki ga ɗan'uwan da ke fita bayan ofis ya kunna kara, sannan ya tauna goro kafin ya shigo halƙar zikiri. Irin wannan ya fi bukatar a kama hannunsa a kai shi ga likita a kan a tona masa asiri. Wanda ya iya haƙura da ita daga alfijir zuwa faɗuwar rana wata guda cur, ya riga ya san cewa ana iya sarrafa rai. Bakin da ke ambaton Allah safe da yamma ya cancanci tsarki.

Allah Ya yaye wa masu fama, Ya ba su ikon dainawa, Ya maimaita mana wannan taro cikin lafiya. Amin.