Daga filin faɗa zuwa kasuwar Tarauni

Duk wanda ya tsaya wurin masu kaji a kasuwar Tarauni, ko wurin mai gashi a Gyaɗi-Gyaɗi da daddare, ya san kazar gidan gona: fara, mai faɗin ƙirji, da ƙyar take ɗaga ƙafa. Abin mamaki shi ne, kakanninta mayaƙa ne.

A Indiya an shafe ƙarnuka ana kiwon wani irin zakara mai suna Asil, kalmar Larabci mai tushe ɗaya da "asali" tamu. Makiyayansa ƙarfin ƙashi, cikar tsoka da taurin kai suke nema, domin faɗa da caca. Turawan Ingila, waɗanda su ma suka daɗe suna haɗa zakaru faɗa, suka kai shi gida a ƙarni na 19. A yankin Cornwall aka haɗa shi da zakarun faɗansu, aka sami irin da ake kira Cornish. Sai dai nauyi ya yi masa yawa, bai yi abin kirki a fili ba.

A 1835 majalisar Ingila ta haramta faɗan zakaru. Ƙirjin da aka gina domin yaƙi sai ya koma abin sha'awar mahauta. A 1948, a wata gasar kiwo ta ƙasa a Amurka, Charles Vantress ya yi nasara da kajin da ke ɗauke da jinin Cornish. Daga wannan layi kazar nama ta yau ta fito, wadda ke isa yanka cikin mako 6 zuwa 7.

A ƙasar Hausa faɗan zakaru bai zama sana'a ba, kuma malamai suna kafa hujja da hadisin da ya hana haɗa dabbobi faɗa. Amma gadonsa ya shigo mana ta bayan gida. Mai kiwo a Kano yana sayen 'yan tsaki, yawanci daga Ibadan, iyayensu kuwa daga kamfanoni ƙalilan irin su Cobb da Aviagen. Ba zai iya ajiye iri daga garkensa ba. Kowane zagaye sai ya sake saye.

Makiyayin Asil, duk da munin abin da yake kiwo dominsa, shi ke zaɓen zakaran da zai bar baya. Namu makiyayin yana da keji, yana da bashin abinci, amma zaɓin iri na hannun wasu. Cibiyar NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta samar da Shika Brown domin ƙwai. Kazar Hausa da ke tono a tsakar gidajenmu tana jiran irin wannan kulawa.