Jariran Biristol da Tambayar Wa Ke da Alhaki

A shekarar 1988 wani likita mai suna Stephen Bolsin ya kama aiki a babban asibitin Biristol, a kudu maso yammacin Ingila. Aikinsa shi ne sa majiyyaci barci a ɗakin tiyata, saboda haka komai a kan idonsa ake yi. Bai daɗe ba ya lura cewa tiyatar zuciyar jarirai tana ɗaukar lokaci fiye da kima, mace-mace kuma sun yi yawa. Ya shiga tattara alƙaluma, ya kai kuka ga shugabanni, amma ba a ɗauki mataki na gaske ba sai a 1995, bayan wani yaro ya rasu a tiyatar da aka nemi a ɗage. Shi kuwa Bolsin zama ya gagare shi, ya yi ƙaura zuwa Ostireliya.

A 1998 majalisar da ke kula da aikin likitoci a Birtaniya ta yanke hukunci, bayan ta duba tiyatar yara 53, waɗanda 29 daga cikinsu suka rasu. Ta soke lasisin James Wisheart, ta kuma hana Janardan Dhasmana yi wa yara tiyata har shekara uku. Hukunci na uku ne ya fi jan hankali. John Roylance, shugaban asibitin, likitan hoto ne, ba shi ya riƙe wuƙa ba, amma shi ma an soke nasa lasisin, domin an sanar da shi bai tsayar da aikin ba. Ya ɗaukaka ƙara bisa hujjar cewa shi mulki yake yi ba magani ba. A 1999 aka yi watsi da ƙarar, kuma da wuya a ce an zalunce shi.

Kwamitin bincike na Ian Kennedy ya fitar da rahotonsa a 2001. Ya ƙiyasta cewa tsakanin 1991 da 1995 an yi asarar jarirai 30 zuwa 35 fiye da abin da za a yi tsammani a wani asibiti irinsa. Bai ɗora laifin kan mugunta ba. Abin da ya tarar shi ne iko a hannun mutane ƙalilan masu rufa wa juna asiri, da jarirai da ake jinya a ɗaki ɗaya da manya bayan tiyata. Ya ba da shawarwari 198.

Daga cikinsu akwai bayyana wa jama'a sakamakon aiki. A 2005 jaridar Guardian ta buga adadin mace-macen kowane likitan tiyatar zuciya da sunansa. Sai dai maganin ya zo da nasa ciwon: likitan da ke tsoron sunansa ya ɓaci yana iya guje wa majiyyacin da ya fi galabaita, alhali shi ya fi buƙatar tiyatar. Shi ya sa ake auna tsananin ciwon kowane majiyyaci, da ma'auni irin su EuroSCORE na 1999, kafin a kwatanta wani likita da wani.