Daga Lakwal Zuwa Sikelin Gujiya

A zamanin kawuna, ɗan Mayahi da ya gama lakwal ba ya daɗewa yana neman aiki. Gujiya na jiransa. Kamfanonin Faransa irin su CFAO na ɗaukar matasa aikin komi a Maraɗi, kafin gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin cinikin gujiya na SONARA a 1962.

Kawu, wanda ya yi wannan aiki, ya ce mini lissafin bai taɓa ba shi wuya ba. Abin da ya hana shi barci shi ne tsayawa bayan sikeli yana faɗa wa sa'an mahaifinsa nauyin buhunsa, dattijon ya zuba wa alƙalaminsa ido. Babu mushen da ya koya masa wannan.

Farin 1973 ya karya gujiya. Yau matashinmu na gama jami'ar Maraɗi, ya shekara yana yawo da takardu.