Bincike Bi-Bayani a Fannin Aikin Jinya

Bincike bi-bayani a fannin aikin jinya hanya ce ta nazari da ke dogara ga maganganun mutane da abin da mai bincike ya gani da idonsa a asibiti ko a gida. Manufarsa ita ce a gane yadda marar lafiya yake ji da ciwonsa da kulawar da ake ba shi, da kuma halin da ma'aikatan jinya suke ciki a bakin aiki. Ya sha bamban da bincike bi-ƙididdiga, wanda yake auna yawa. Ƙididdiga takan nuna mutum nawa ne suka daina shan maganin hawan jini, amma sai an zauna da su an saurare su kafin a san dalili.

Tarihi

Binciken jinya na zamani da ƙididdiga ya fara, domin da alƙaluman mace-macen sojojin Birtaniya a yaƙin Kirimiya Florence Nightingale ta kafa hujjarta kan tsabtar asibiti. Hanyar bi-bayani ta samu gindin zama ne bayan kimanin shekara ɗari. A Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, masana zamantakewa Barney Glaser da Anselm Strauss sun yi aiki tare da wata ma'aikaciyar jinya, Jeanne Quint, suna lura da masu ciwon ajali a asibitoci. Littafinsu na 1965 ya fayyace yanayi huɗu: a ɓoye wa marar lafiya gaskiya, ko ya yi zargi, ko shi da ma'aikata kowa ya sani amma a yi kamar ba a sani ba, ko a fito fili a faɗa. Daga wannan aiki ne suka fitar da hanyar gina ra'i daga tushen bayanai a 1967.

Madeleine Leininger, wadda ta zauna cikin al'ummar Gadsup a Papua New Guinea, ta shigo da nazarin al'ada cikin aikin jinya. A 1984 Patricia Benner ta yi amfani da labaran da ma'aikatan jinya suka ba ta wajen bayyana matakai biyar da nas yake bi daga ɗan koyo zuwa gwani. A 1991 Janice Morse ta kafa mujallar Qualitative Health Research.

Hanyoyin aiki

Ana tattara bayanai ta hirar mutum ɗaya-ɗaya, da tattaunawar rukuni, da zama a ɗakin marasa lafiya ana lura. Ba a zaɓen mahalarta ta hanyar ƙuri'a. Ana neman waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Ba su cika yawa ba, kuma akan tsaya ne idan sababbin hirarraki suka daina kawo sabon abu. Wani nazari da Greg Guest da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, bisa hirarraki 60 da mata a Gana da Nijeriya, ya nuna cewa kusan duk manyan jigogi sun riga sun bayyana cikin hira 12 ta farko. Wajen tantancewa, hanyar fitar da jigogi mai matakai shida da Virginia Braun da Victoria Clarke suka tsara a 2006 tana cikin waɗanda aka fi bi.

Abin da marasa lafiya ke fuskanta

A nan ne wannan bincike ya fi nuna amfaninsa, domin akwai cutarwar da ba ta shiga rajistar asibiti. A 2015 Meghan Bohren da abokan aikinta sun haɗa nazarce-nazarce 65 daga ƙasashe 34 kan yadda ake wulaƙanta mata a ɗakin haihuwa. Sun kasa abin gida bakwai, ciki har da duka, da zagi, da nuna bambanci, da watsi da mace tana naƙuda, da ƙarancin kayan aiki. Matan da suka gamu da irin wannan sukan gwammace su haihu a gida a gaba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya mutunta mai haihuwa cikin ƙa'idojinta na kula da naƙuda.

Walwalar ma'aikatan jinya

A 1960 Isabel Menzies ta wallafa nazarinta kan wani asibitin koyarwa a Landan. Ta gano cewa rarraba aiki gutsi-gutsi, da kiran marar lafiya da lambar gadonsa ko sunan ciwonsa, garkuwa ce da tsarin aiki ya gina don kare nas daga fargabar cuɗanya da ciwo da mutuwa kullum. Sai dai garkuwar ba ta magance fargabar ba, kuma ɗaliban jinya da dama suna barin aikin. A 1984 Andrew Jameton ya bayyana ƙuncin da nas yake shiga idan ya san abin da ya dace ya yi amma dokar wurin aiki ta ɗaure masa hannu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar ƙosawa da aiki a matsayin matsala da ke tasowa daga wurin aiki, ba cuta ba. A farkon annobar korona a 2020, hira ta waya da ma'aikatan jinya tara da likitoci huɗu a lardin Hubei na ƙasar Sin ta nuna gajiyar aiki cikin kayan kariya da tsoron kai wa iyali cuta, tare da jin cewa aikin wajibi ne a kansu.

Kula da bayanai

Abin da mahalarta suka faɗa amana ce, kuma darajar binciken ta rataya ne a kan yadda aka riƙe ta. Kafin a kunna na'urar ɗaukar murya sai an nemi yardar mutum bayan an yi masa cikakken bayani. Rubuta hirar awa guda yakan ci sa'o'i da dama. Ana cire sunaye a sa lambobi, a ajiye takardar da ta haɗa suna da lamba a wani wuri dabam, a kulle fayiloli da kalmar sirri. Cire suna kaɗai ba ya wadatarwa: a ƙaramin asibiti, muƙamin nas da labarin da ta bayar sun isa shugabanta ya gane ta. Idan an yi hira da wani harshe aka rubuta rahoto da wani, ana adana rubutun asali domin a riƙa komawa gare shi.

Manhajoji irin su NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA suna taimakawa wajen jera bayanai da nemo su, amma fassara ma'ana aikin mai bincike ne. Ta fuskar doka, Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar kare bayanai a 2018, Nijeriya kuma ta kafa tata a 2023, kuma dukkansu sun sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ana ci gaba da muhawara kan ajiye rubutattun hirarraki a rumbun da wasu masu bincike za su iya shiga, saboda mahalarta da yawa mai binciken da ya yi hira da su kaɗai suka amince wa.

Inganci da suka

Masu suka suna cewa mahalarta kaɗan ne, kuma ra'ayin mai bincike yana iya rinjayar sakamako. A 1985 Yvonna Lincoln da Egon Guba sun kawo ma'aunai huɗu na amincin bincike, waɗanda ake cika su ta hanyar mayar wa mahalarta sakamako su duba, da rubuta duk matakin da aka bi, da bayyana matsayin mai binciken kansa. A 2007 aka fitar da jerin COREQ mai sharuɗɗa 32 na rubuta rahoto. Wannan bincike ba ya faɗin yawan waɗanda matsala ta shafa, shi ya sa ake yawan haɗa shi da ƙididdiga a aiki guda: ɗaya ya gano abin da ya kamata a auna, ɗayan ya auna shi.