Zangon Talabijin na Amurka na 1980 zuwa 1981 da Masu Kallo a Ƙasar Kurfai da Tagazar

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki zango guda daga zangunan manyan gidajen talabijin na Amurka, wato na 1980 zuwa 1981, ta duba yadda aka gina shi da yadda ya fitar da taurarinsa, sa'an nan ta auna shi da halin da talabijin ke ciki a Nijar a wancan lokaci, musamman a garuruwan Dallol Bosso irin su Baleyara ta ƙasar Tagazar da Filinge ta ƙasar Kurfai. Abin da ta tafi a kai shi ne, da'awar da masana suka yi cewa wasannin Amurka sun mamaye zukatan al'ummomin duniya ba ta tabbata a kan wannan yanki sai da sharuɗɗa masu nauyi, domin abin da ke ɗaukaka tauraro a can ƙidaya ce, a nan kuwa harshe ne.

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1974, lokacin da hukumar UNESCO ta buga binciken Kaarle Nordenstreng da Tapio Varis, wanda ya nuna cewa shirye-shiryen talabijin suna kwarara ne daga ƙasashe kaɗan masu arziki zuwa sauran duniya ba tare da wani abin kirki ya komo ba, masana suka kusa yin ijma'i a kan cewa akwai wani sabon mulkin mallaka wanda ba ya bukatar soja, kuma rahoton kwamitin Sean MacBride na 1980 ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi, har ta kai a 1982 ministan al'adu na Faransa, Jack Lang, ya tsaya a taron Meksiko yana kuka da wannan mamaya. Wasan da aka fi kafa hujja da shi a wannan bahasi shi ne Dallas. To, amma hukuncin da aka yanke wa duniya baki ɗaya ba ya zama hujja a kan wani gari takamaimai sai an bi hanyar da abin ya bi kafin ya isa can, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar matani sai sun tantance isnadi, sun san wa ya karɓa daga wa, kuma me ya salwanta a tsakani.

Yadda zangon ya kasance a Amurka

A wancan zamani gidaje uku ne ke riƙe da ragamar talabijin a Amurka, ABC da CBS da NBC, kuma al'adarsu ita ce su buɗe sabon zango a watan Satumba, su ja shi har zuwa Afrilu ko Mayu, suna sayar wa masu talla da mintocin da ke tsakanin wasa da wasa a kan farashin da ke hawa da sauka gwargwadon yawan masu kallo. Wanda ke yin wannan ƙidaya kamfanin Nielsen ne, da na'urorin da ya liƙa a gidajen da ba su kai dubu biyu ba, ana yin ƙiyasi da su a kan gidaje kusan miliyan 80. Saboda haka ran kowane wasa, da albashin kowane ɗan wasa, a hannun wannan ƙiyasi yake. Wanda alƙalumansa suka faɗi sai a soke shi ko da labarinsa bai kai ko'ina ba.

Zangon 1980 bai buɗe a kan lokacinsa ba, domin a ranar 21 ga Yuli 'yan wasa suka shiga yajin aiki wanda ya ɗauki kimanin wata uku, suna neman a ba su rabo daga kuɗin kaset ɗin bidiyo da na tashoshin da ake biya kafin a kalla. Wannan jinkiri kuwa, maimakon ya cutar da gidan CBS, sai ya zama masa alheri, domin tun ranar 21 ga Maris an rufe zangon da ya gabata na Dallas da harbin J.R. Ewing, attajirin man fetur mai makirci wanda Larry Hagman ke fitowa a matsayinsa, ba tare da an nuna wanda ya harbe shi ba. Jama'a suka yi wata takwas cur suna taƙaddama da caca a kan mas'alar, shi kuwa Hagman, da ya fahimci cewa wasan ba ya tafiya sai da shi, ya ƙi komawa aiki sai da aka ƙara masa lada mai yawa. Da aka warware sirrin a daren Juma'a 21 ga Nuwamba 1980, aka bayyana cewa Kristin ce, ƙanwar matarsa Sue Ellen, an ƙiyasta mutum miliyan 83 ne suka kalla a Amurka kaɗai. Dallas ya gama zangon yana na ɗaya. ABC ta mayar da martani a ranar 12 ga Janairu 1981 da Dynasty, wanda shi ma labarin gidan masu man fetur ne, da John Forsythe da Linda Evans, amma bai yi tashe sosai ba sai da Joan Collins ta shigo a zango na biyu. A cikin watannin nan ne kuma Magnum, P.I. ya fitar da Tom Selleck, NBC kuma ta kawo Hill Street Blues, wanda masana suka yaba amma masu kallo suka yi masa rowa a farko. Ba abin mamaki ba ne ƙasar da ta ba 'yan wasa irin wannan daraja ta zaɓi tsohon ɗan fim, Ronald Reagan, ya shugabance ta a Nuwamban 1980.

Asalin talabijin a Nijar

Idan aka juyo ga Nijar sai a tarar da wani asali daban ƙwarai, domin a nan talabijin bai shigo a matsayin ɗan kasuwa ba, ya shigo ne a matsayin malamin makaranta. A 1964, a zamanin Diori Hamani, aka fara talabijin na lakwal da taimakon Faransa, inda ake shirya darussa cikin Faransanci a Yamai, a watsa su zuwa azuzuwan da aka ɗora wa masu kula waɗanda karatunsu bai yi zurfi ba, daga baya ma aka riƙa kunna wasu akwatunan da hasken rana a wuraren da lantarki bai kai ba. Hukumar rediyo da talabijin, wato ORTN, an kafa ta a 1967, amma talabijin na ƙasa, wato Télé Sahel, bai tsaya da ƙafafunsa ba sai a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom na Arlit da Akuta suka cika baitulmali, kuma Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya ga cewa akwatin nan zai isar masa da magana inda kumandan da mai gari ba sa isarwa.

Shi Kountché ɗan wannan yanki ne, haifaffen Fandu a ƙasar Tondikandiya, wadda ke tsakanin Baleyara da Filinge, ya kuma san sarai cewa talakan Dallol ba shi da halin sayen akwati balle wutar da za ta kunna shi. Saboda haka siyasar gwamnatinsa ita ce ta kafa akwatunan jama'a a garuruwa da ƙauyuka, inda ake taruwa da maraice a kalli 'yan sa'o'in da tashar ke aiki, ga labaru cikin Faransanci da harsunan ƙasa, ga rangadin shugaba, ga kokawa, ga wasannin samariya. A nan ba wanda ke ƙidaya masu kallo, domin ba wanda ke sayen su. Ma'aikacin gwamnati ne ke yanke abin da za a nuna, kuma tashar ɗaya ce tak, ba ta da kishiyar da za a guje mata zuwa gare ta.

Abin da ke salwanta a hanya

Dallas ya isa Faransa ranar 24 ga Janairu 1981 a tashar TF1, bayan an cire muryoyin Turanci an ɗora na Faransanci, kuma ta wannan ƙofa ce irin waɗannan wasanni ke bi su shiga tashoshin ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, sau da yawa shekara ɗaya ko fiye bayan an gama yayinsu a gida. Abu na farko da ke faɗuwa a hanya shi ne zangon kansa, domin jiran wata takwas da ya haukata Amurkawa ba shi da ma'ana ga wanda wasan ya zo masa bayan an daɗe da sanin amsa. Na biyu muryar ɗan wasa, wadda ita ce rabin sana'arsa. Mai kallo a Yamai ba Hagman yake ji ba, wani Bafaranshe yake ji a bakin Hagman. Sunan ɗan wasan ma yakan ɓace, a san J.R. da Bobby da Pamela, a jahilci Patrick Duffy da Victoria Principal masu fitowa a matsayin Bobby da Pamela, domin mujallu da hirarrakin da ke raya sunan tauraro ba su biyo wasan ba.

Sa'an nan ga babban shamaki, wato harshe. Baleyara, wadda ke da tazarar kimanin kilomita 100 daga Yamai a kan hanyar Filinge, gari ne na kasuwa, kuma kasuwarta ta ranar Lahadi tana tara Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawan Kurfai a kan cinikin dabbobi da hatsi da tabarmi. A wannan taro Zabarmanci da Hausa ne ke ƙulla ciniki, Faransanci kuwa harshen 'yan lakwal da ma'aikata ne, waɗanda a 1980 'yan tsiraru ne a cikin jama'ar da ƙidayar 1977 ta sa a kan miliyan biyar da 'yan kai. Wasa irin Dallas kuwa kusan dukansa zance ne, ƙulle-ƙullen hannun jari da wasiyya da shari'a, ba dambe ko tsere ba da ido kaɗai zai fahimta. Duk inda aka kunna shi a gaban irin wannan taro, to, sai an sami ɗan lakwal ya zama tafinta, shi kuwa zai taƙaita, ya tsallake abin da kunya ta hana shi faɗa a gaban manya, ya mayar da rikicin kamfani rikicin gado tsakanin wa da ƙane, wanda shi ne abin da masu saurarensa suka sani.

Wannan ba zato ba ne kawai, domin Tamar Liebes da Elihu Katz, a binciken da suka buga a 1990, sun sa Larabawa da Yahudawan Maroko da na Rasha da Amurkawa su ba da labarin kashi ɗaya na Dallas, sai kowace jama'a ta ba da shi bisa ma'aunin gidanta, Larabawa suna ɗora shi a kan zumunta da mutuncin iyali. A Japan kuwa wasan bai karɓu ba sam. Ien Ang ma ta tarar da irin wannan saɓani a wasiƙun masu kallo na Holan.

Taurarin da suka riga, da waɗanda suka gada

Kuskure ne a ɗauka cewa talabijin ne ya fara gabatar da taurarin Amurka ga 'yan Nijar, domin 'yan cin rani sun riga shi da shekaru. A fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un noir, samarin Nijar masu aikin ƙarfi a unguwar Treichville ta Abijan suna kiran kansu da sunayen 'yan fim, Oumarou Ganda yana amsa sunan Edward G. Robinson, wani Eddie Constantine, wani Tarzan. A 1966 kuma Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye, Zalika Souley tana cikinsu. Wannan fim, a ganina, ya fi rahotannin UNESCO fahimtar lamarin, domin ya nuna cewa aron suna da hula abu ne da samari ke yi da gangan, suna sane, kuma dattawa suna da abin da za su ce a kai. Shi Ganda, wanda ya fara da aron sunan Ba'amurke ya kuma kai ga lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, a tsakiyar zangon da muke bahasi a kansa.

Wanda ya cika dandali bil haƙƙi a shekarun Kountché shi ne wasan kwaikwayo na Hausa, wanda ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa, da aka fara a 1976, suka raya, rediyo da talabijin kuma suka kai shi ko'ina. Yazi Dogo, malamin makaranta wanda ya yi suna da ƙungiyarsa a Damagaram, shi ne misali mafi bayyana, kuma Janet Beik ta yi nazarin irin aikinsu a littafinta na 1987: ba a rubuta wasan kalma da kalma, ana tsara ƙashin labari ne kowa ya tufatar da shi da bakinsa, a yi wa ma'aikaci mai cin hanci da alhaji mai almubazzaranci da boka maƙaryaci dariya. Gaskiya ne gwamnati na da hannu a cikin jigogin, kuma mai wasa ya san iyakar da ba ya ƙetarewa. Amma mai kallo ba ya bukatar tafinta, yana jin habaici tun kafin a rufe baki. Daga kudu kuma Kaduna na fitar da nata, irin su Usman Baba Pategi mai Samanja da Kasimu Yero, waɗanda suka yi suna da salon magana kafin komai.

Da farashin yuraniyom ya karye a farkon shekarun 1980, fari na 1984 ya biyo baya, sai kula da akwatunan jama'a da shirya wasannin gida suka yi wa hukuma nauyi, wasan waje kuwa da aka riga aka ci ribarsa a gida ya fi araha a saya. Amma giɓin bai daɗe a hannun Amurka ba, domin kaset ɗin nan da 'yan wasan Amurka suka yi yaji a kansa a 1980 shi ne ya ba ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano damar fitar da Turmin Danya a 1990, fina-finan da suka biyo shi kuma, waɗanda suka fi ɗaukar salo daga Indiya, suka bi 'yan kasuwa ta Maraɗi da Birnin Ƙonni suka shiga gidajen kallo masu injin wuta a kasuwannin Nijar. CBS ta nuna kashin ƙarshe na Dallas ranar 3 ga Mayu 1991. Ranar 29 ga Yulin wannan shekara aka buɗe babban taron ƙasa a Yamai, wanda ya share fagen kafa gidajen rediyo, daga baya na talabijin, masu zaman kansu.